Rasuwar Murhu Mai Bututu a Ƙarfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Malam Rabe manomin auduga na garin Ƙarfi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Malumfashi da Funtua rasuwar murhun gidansa, wanda aka fi sani da Mai Bututu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, tsakiyar damina, yana kan aiki.

Malam Rabe ne ya gina marigayin da hannunsa, da ƙasar suri da ƙaiƙayi da wani tsohon bututu da ya tsinto a Funtua, a shekarar da likita ya ce hayaƙin girki ne ke cin ƙirjin matarsa Mairo. Babu wanda ya koya masa. Ya gina ya rushe, ya sake ginawa, maƙwabta suna dariya, har ranar da hayaƙi ya bi bututu ya fita ta saman rufi.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa raina abin da aka ba shi ba, ko karan auduga ne ko totuwar masara. Bai taɓa sa mace hawaye ba. Maganarsa kaɗan ce, "fuuu" idan ya kama, "ƙas, ƙas" idan ya ƙoshi. A zamaninsa Mairo ta daina tsayawa tsakiyar tuƙin tuwo tana dafe bango tana neman numfashi.

Ajalinsa ya zo ne ta hanyar alheri. Mairo ta haihu, aka sa wa yarinya suna Lauratu. Tsohuwa, mahaifiyar Malam Rabe, ta zo yi mata wankan jego, ta ɗora wa marigayin rabin duro cike da ruwa, shi da aka gina don tukunyar tuwo. Ya daure har bayan suna. Ranar Talata ya ce "ɗas", ya tsage daga baki har gindi, bututun ya kwanta.

Tsohuwa ko a jikinta. Ta jera duwatsu uku a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakin mai jego saboda ruwan sama, ta tura ɗanyen itace, ta kunna shi da leda. Ta ce da hayaƙi ta yi nata jegon, ga ta nan garau, kuma mai jegon da ba ta gasu ba sanyi ne zai kama ta. Tun daga ranar, safe da yamma, hayaƙi ɗakin yake shiga. Ƙirjin Mairo ya koma kukansa na da. Jaririyar ma ta fara wani ɗan tari, kamar na mage.

Malam Rabe ya juya al'amarin ya rasa ta inda zai kama shi. Uwa ce, kuma don ƙauna take hura wutar. In ya hana ta, ya saɓa wa wadda ta haife shi, gari kuma ya ce ya rasa kunya, yana rawar jiki kan mata a gaban uwarsa. In ya yi shiru, da idonsa yake kallon ƙirji biyu suna cika. Ya je bakin rumfar ya durƙusa don ya yi magana, sai kawai ya gyara mata itace ya tashi. Ya kwaɓa sabuwar ƙasa, amma ƙasa ba ta bushewa a watan Agusta, kuma arba'in da sauran nisa.

Marigayi ya bar tukunyar tuwo ɗaya, da muciya, da bututu a jingine, da Mairo, da Lauratu wadda ba ta san shi ba.

Za a kai gawarsa bayan rumbu gobe bayan azahar. Ba za a binne bututun ba. Masu ta'aziyya kada su kawo goro. Wanda ke da busasshen itace ya taho da shi. Ana roƙon duk wanda zai bi ta Malumfashi ya isar wa Baba Sanda, yayan Tsohuwa, cewa don Allah ya zo, shi kaɗai take jin maganarsa.

Za a yi zaman makoki a waje, gindin darbejiya, don cikin gidan ba ya zaunuwa ga mai lafiya. Mairo da jaririyar suna ciki.