Ranar da Motata ta Watsa Ɗaurin Aure a Zurmi

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da motata ta watsa ɗaurin aure a Zurmi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Zurmi ba za su bar ni ba. Har yanzu idan abin ya faɗo mini a rai sai in rasa wanda zan fara shaƙewa: dillalin da ya sayar mini da ita, ko bakaniken da ya mai da ni gonarsa, ko ni kaina da na kai wuyana.

Ni malamin makaranta ne a Ƙaura Namoda. Na daɗe a kan babur, lafiya lau, har shaiɗan ya raɗa mini cewa mutum kamata ya wuce shan rana. Na kwashi adashin malamai, na sayar da bijimin da nake kiwo, na nufi Shinkafi wurin wani dillali mai suna Sale. Ya nuna mini wata mota ja, an goge ta tana sheƙi, ya dafa ta kamar 'yarsa.

"Malam, wagga mota ta wata Hajiya ce. Daga gida sai asibiti take zuwa da ita. Ko ruwan sama bai taɓa dukanta ba."

(Daga baya na ji cewa Hajiyar nan ƙato ne mai gemu, ya shekara yana lodin buhunan gero da ita zuwa Kasuwar Daji.)

Ba ta yi mako a hannuna ba lagireto ya fara tafasa. Aka gyara, famfon mai ya ce shi ma ga shi. Aka canza, giya ta ƙi shiga. Ƙofofin baya kuwa tun ranar farko ba sa buɗuwa ta ciki, sai wani ya zagaya ya buɗe maka kamar gwamna. Haka na zama ɗan gida a garejin Lawali bakanike. Duk sanda na je zai kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Oga, ƙaramin abu na." Ƙaramin abun nan shi ke cinye rabin albashi. Matata Hadiza ta taɓa ce mini, "Malam, na ji Lawali ya sa wa gidanshi sabon kwano. Mu namu ɗakin sai mu ci gaba da tara roba." Na yi kamar ban ji ba.

Ana nan aka sa ranar auren ƙanenta Sanusi a Zurmi. Surukina, Baba Alhaji, da ƙanensa Baba Isa, wanda shi ne wakilin ango, sun riga sun shirya shiga motar haya. Ni da bakina na hana su. Na durƙusa na ce ai abin kunya ne a ce akwai mota a gida dattawa su shiga cunkoso. Baba Alhaji ya ce, "To, Allah shi yi albarka." Ana gobe na kai ta gareji aka yi mata gyara tun daga kai har wutsiya, na biya har da kuɗin cefanen mako. Lawali ya buga bonet ya ce, "Ko Makka za ka da ita, Oga, tahi kawai."

Ko Zurmi ba ta kai ba. Muna tsakiyar daji, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ta yi tari, ta yi shiru. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne, saboda 'yan bindiga. Motocin da ke wucewa ko rage gudu ba sa yi, kuma ban ga laifinsu ba. Na fito na ɗaga bonet, na tsaya ina kallon injin kamar na san sunan wani abu a ciki. Na taɓa wata waya, ta ƙona ni. Baba Isa yana ta jan carbi yana waige-waige, sadakin mutane na cikin aljihunsa.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Na zagaya na buɗe musu. Baba Alhaji, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya naɗe farar babbar rigarsa a kafaɗa.

"Shiga ka riƙe sitiyari, mu tura."

"Haba Baba, a'a, don Allah..."

"Shiga, na ce. Nan za mu kwana?"

Na shiga. Ina hango surukina ta madubi, hularsa ta karkace, yana nishi yana tura motata. Ta yi tsalle ta tashi, ta fesa masa baƙin hayaƙi tun daga ƙirji har gwiwa. Ya shiga ya zauna. Na kira Lawali, ya ce, "Kar ka kashe ta, kar ka ɗaga ƙafa daga totur." Haka muka ƙarasa, tana gurnani kamar injin niƙa.

Mun tarar an sauko daga Juma'a, jama'a sun cika tabarmi a ƙofar gidan uban amarya, mu kaɗai ake jira. Mai hankali zai ajiye motar can nesa ya tako da ƙafa. Ni kuwa da nake neman in farfaɗo da mutuncina, sai na kai ta har bakin tabarma, don a ga wanda ya kawo dattawa. Na murɗa makulli na kashe ta.

Tau! Tau! Tatatau!

Salansa ce, bututun hayaƙin motar, ta yi wannan ƙara. Amma wa zai tsaya tambaya a Zurmi? Wani ya ƙwala, "Ga su nan! Sun shigo!" Kafin ka ƙifta ido wurin ya tarwatse. Liman ya haura katanga, ango ya shige ƙarƙashin benci da sabuwar shaddarsa, farantin goro da alawa ya kife, mata na kururuwa a cikin gida. Ni kuma, mai motar, wanda ya fi kowa sanin halinta, da na ga kowa yana gudu sai na buɗe ƙofa na bi su. (Ina gudun ina tambayar wani ta ina suka ɓullo.) Ban tsaya ba sai bayan wani rumbu.

Can 'yan sa-kai suka zaƙulo ni, suka taso ni gaba har wurin motar. Tana nan tana hayaƙi. Baba Alhaji da Baba Isa kuma suna nan a kujerar baya, inda na bar su a kulle. Baba Alhaji ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa, ya ce a hankali, "In ka gama gudun, buɗe muna ƙohwa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Kada ku ɗauka dariya aka yi. Mutane suka dinga dawowa ɗaya-ɗaya, wasu ba takalmi, wata tsohuwa an riƙo ta ta gurɗe ƙafa. Wani dattijo ya tako har gabana, idanunsa jajur, ya ce, "Yaro, mu nan mun san wanga sauti. Ba abin wasa ba na." Na kasa ko ba shi haƙuri da kyau. Aka ɗaura auren a gaggauce, liman yana haki, ni kuma ina can ƙarshen tabarma kaina a ƙasa. Da za a koma, dattawan suka shiga motar haya. Babu wanda ya yi mini bayani, ban kuma nema ba.

Washegari na dira garejin Lawali ina huci. Na zazzage masa komai, har da tsohuwar da ta gurɗe ƙafa. Ya saurara, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe yana goge hannu.

"Oga, ƙaramin abu na."

Wallahi mutum biyu ne suka riƙe ni.

Na sayar da ita a wannan watan ga masu yanka motoci, kuɗin ko akuya mai ciki ba su saya ba. Hadiza ta yi sadakar ƙosai. A gidan surukaina har yau idan na yi sallama sai in ji ana ƙus-ƙus, "Mai bindiga ya zo."

Yanzu duk inda za a je biki, ni ne farkon zuwa tasha. In biya kuɗin kujerata, in matse tsakanin buhu da taga, hankalina kwance. Motar haya ma tana mutuwa a hanya, ban musa ba. Amma idan ta mutu, ina cikin masu yi wa direba masifa, kuma muryata ta fi ta kowa.