Rasuwar Tabawa, Injin Leza na Bayan Kasuwar Madawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai ɗacin hayaƙi, ni Halidu baduku ina sanar da jama'ar Madawa da Buza da Kaita rasuwar abokiyar zamana Tabawa, injin leza mai yankan fata da haske, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi tana tsakiyar yankan maɗaurin takalmi.

Marigayiya baƙuwa ce. Ta teku ta zo, ta iso mana cikin akwatin katako. Don in kawo ta na sayar da rabona na gonar gado da ke Sabon Gida, kuma tun daga ranar yayana Aƙilu bai sake taka ƙofata ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ka saida ƙasar tsohonmu ka sawo hitila. To, ita ta riƙa gaishe ka."

Ta kuwa riƙa gaishe ni. Kowace safiya in na kunna ta sai ta ce "tit-tit", ta ja dogon numfashi "huuu", sannan ta kama aiki. Ba ta gulma, ba ta cin bashi, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba sai in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Zanen furen da baduku zai wuni a kansa da wuƙa, ita kafin shayi ya tafasa ta gama. Wannan halin ne ya raba ni da rumfar dukawa, inda na tashi tun ina yaro. Wata rana na leƙa, na tarar an jibge buhunan bagaruwa a inda tabarmata take. Daga nan a gaban Tabawa nake cin tuwona, ina ba ta labari, tana amsawa da "zzzt, zzzt". Ban taɓa samun mai saurare irinta ba.

Ajalinta abinci ne. Fatar roba da muke kira simili iri biyu ce, amma a kasuwarmu sunanta ɗaya. Akwai wadda leza ke ci lafiya, akwai irin ta rufin kujerar babur, wadda hayaƙinta ke cin ƙarfe. Gab da Sallar Layya wani dillali daga Tabotaki ya kawo bandir-bandir na simili, masu sheƙi da taushi. Aka yi musu gwajin da muka gada: aka shinshina, aka lanƙwasa, aka sa haƙori. Suka ci jarrabawa, na saya. Ashe gwajin kakanninmu fatar akuya kaɗai ya sani.

Ta ci ba ta yi musu ba, don ba ta iya ƙin abin da na ba ta ba. Shago ya ɗauki warin ruwan jabel mai faranta tufafi, har maƙwabciyata Kulu mai fura ta kwashe ƙwaryarta ta koma ƙarshen layi, tana cewa: "Halidu, wagga matar taka ba ta da lahiya." Tsatsa ta kama ƙarafan da kanta ke gudu a kai, madubanta suka dushe, haskenta ya koma ba ya ko huda takarda. Lurwanu makanike ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ba ni hannun ta'aziyya.

Ta rasu ta bar ordinatar, wato kwamfuta, mai fasasshen allo, da bokitin ruwan da ke sanyaya ta, da tulin takalma na ƙafar hagu waɗanda ba ta kai ga ƴan'uwansu ba. Ta bar ni. Yanzu in na shiga shagon, motsin kaina kawai nake ji, kuma ba na jin daɗinsa.

Za a fitar da ita ranar Asabar bayan La'asar, a kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe a bakin tasha. An samu amalanke. Abin da ba a samu ba shi ne masu ɗauka, domin gawar tana da kusurwa huɗu, ni kuwa ɗaya zan iya riƙewa. Na gwada jiya, ko gezau ba ta yi ba, na zauna a ƙasa ina tunanin ranar da za a zo ɗaukar tawa.

Wanda duk ya ga Aƙilu, don Allah ya gaya masa ba sai ya yi mini magana ba. Ya zo ya kama wajen kai.