Kakan da Na Binne Yana Ɗan Yaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na binne kakan Misis Doris ba, alhali bawan Allah ya rayu har ya ga jikoki.

Misis Doris wata tsohuwar Baturiya ce da nake jinya a nan ƙasar waje, kusa da wani titi da ake kira Fordham Road. Daga Ingila kakanninta suka zo, kuma rabin rayuwarta wajen haɗa salsalar danginsu ya tafi, burinta ta bar wa jikokinta kafin ta cika. Da idonta ya yi rauni sai na zama mai karanta mata hotunan tsofaffin rajistar cocin ƙauyensu a kwamfuta. Rubutun duk a cukurkuɗe, amma na iya (ko in ce na ɗauka na iya, don ni akwai rawar kai).

Ran nan 'yarta da jikoki sun zo cin abinci, ina gefe ina dube-dube, sai na ci karo da layin: an binne Thomas, ɗan John da Mary. Na koma shafin baftisma na lissafa. Shekara biyu kacal! Wannan Thomas ɗin kuwa shi ne tushen zanen dangin da ta manna a bango.

Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa har da ɗaga murya: “Mama, wannan ba kakanki ba ne, yana ɗan yaye ya mutu!”

Cokali ya suɓuce mata. Ta ce, “To su wa na yi ta nema ke nan?” Ta fashe da kuka, jikoki suka yi cirko-cirko. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

'Yarta ta janye kwamfutar daga gabana, ko kallona ba ta yi ba. Ta leƙa shafukan gaba, sai ga wani Thomas, uwa ɗaya uba ɗaya, an haife shi bayan mutuwar na farin. Ashe a zamanin, in yaro ya mutu, ƙaninsa ake mayar wa sunan. Kakan yana nan daram. Amma tsohuwa ba ta daina kuka ba, ta koma yi wa na farin, tana cewa duk wahalar nan ko sau ɗaya ba ta san da shi ba.

Da na koma ɗakina a unguwar Highbridge na kira Inna a Kano in huce kunya, har da dariyata: “Inna, Turawa da abin mamaki, sunan yaron da ya mutu fa suke mayar wa ƙaninsa!”

Inna ba ta taya ni dariyar ba. Can ta ce, “Wadda aka mayar miki da sunanta, wata bakwai ta yi a duniya.”

Yanzu in na ga an binne yaro a takarda, sai na duba shafi na gaba kafin in buɗe baki. Dariyar al'adar wasu kuwa na tuba, tunda da girmana nake amsa sunan yayata ban san an yi ta ba.