Rasuwar Margot, Motar Gidan Bellenot

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici kuma ya yi mata murfi, ni Firmin Racle, tsohon mai ɗaura ƙofa a masana'antar motoci ta Bellenot, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Margot. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan gadar kogin Doubs, tana da shekara hamsin da huɗu.

Marigayiyar 'yar dangi ce. Tushen gidansu, Anselme Bellenot, maƙerin lauje ne. 'Ya'yansa suka koma ƙera keke, jikoki suka kai ga mota. A zamanin jikokin, maigida da kansa yake zagayawa, ya rufe ƙofar kowace mota yana kasa kunne. Ƙofofin Margot huɗu ni na ɗaura su, kuma har ta bar duniya "tuf" kawai suke cewa. Ita ta ɗauko matata Odile ranar aurenmu, ita kuma ta raka gawarta makabarta. Da sanyin safiya takan yi tari biyu, "kaf, kaf", sannan ta kama. Ba ta taɓa kunyata ni a hanya ba.

Ciwon ajalinta famfon ruwa ne, abin da bai fi dunƙulen hannu ba. Makanikinta Gaspard ya nema har ya gaji. Ashe da magada suka sayar da kamfanin, har ƙarafan da ake zuba narkakken ƙarfe a cikinsu don fitar da kayan gyara suka haɗa wa 'yan gwangwan.

Na lallaɓa ta, ina tafiya ina ƙara mata ruwa, zuwa wurin Thibault Bellenot, magajin da ya riƙe ginin masana'antarmu ya mai da shi otal. Ya fito yana shafa ta da hannun da bai taɓa riƙe sifana ba.

Ya ce, "Haba Baba Firmin, wa ke gyara irin wannan yanzu? Bar mana ita. A yanka ta biyu, gaban ya zama teburin shan giya, bayan kuma kujerar baƙi. Ai tarihi ne!"

Na ce, "Ɗan nan, ga hoton kakanka can a bango. Shi ma a tsaga shi biyu mana, a riƙa ɗora kofi a kai."

Ya bushe da dariya, ya sa aka ba ni hula mai tambarin gidan. Tir!

A hanyar komawa gida Margot ta yi tururi, ta ja dogon numfashi, shi ke nan. Gaspard ya ce zafi ne ya fasa injin. Ni na san jin maganar nan ta yi.

Ta rasu ta bar ni, da tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da ɗigon baƙin mai a garejina da na hana a wanke. Akwai wasu sababbin motoci da ke yawo da sunan gidansu. Iyali ba su san da zamansu ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma, daga ƙofar gidana zuwa filin matse ƙarafa na bayan tashar jirgin ƙasa. Gara a matse ta da mutuncinta da a zauna a kanta ana shan giya. Bayan nan akwai cuku da burodi a shagon Gaspard. Ba a buƙatar furanni, amma mai ƙarfin kafaɗa ya zo, don da hannu za mu tura ta, mu bakwai da muka rage cikin waɗanda suka ƙera ta. Ƙaraminmu shekararsa saba'in da uku, hanyar kuma akwai hawa.