Yadda Ilu Ya Zama Fasinja a Garejin Barau

A ƙauyen Tungar Maƙera, bakin titin da ya nufi birni, akwai wani mutum ana ce masa Ilu. Ya ba arba'in baya, ga ƙarfi, ba ya ƙiwa, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A gidansa daga shi sai matarsa Lantana da tsohuwarsa Inna Kande, wadda ta daɗe da daina aikensa. Manoma sun gwada shi sun sallama, mai injin niƙa ma haka. Wuri ɗaya ya rage a garin, garejin Barau yayan Lantana, mai gyaran wutar mota. Lantana ta yi ta sintiri har Barau ya gaji.

"To, ya zo," in ji Barau. "Motar Tukur direba tana hannuna. Sabuwar sifika zan sa masa a kowace ƙofa, in ja sabuwar waya, kafin kasuwar Juma'a. In motar ta fita lafiya, ya zauna. In ba haka ba, kada ki sake yi mini maganarsa."

Wata rana, ranarsa ta farko a wurin, Barau ya miƙa masa sukudireba ya nuna ƙofar direba. So yake a cire kwalin da ke rufe cikinta don a ga hanyar waya. "Duk wani sukuru da noti da ka gani a jikin ƙofar nan, kwance shi," ya ce, ya tafi sayo tef. Da ya dawo ya tarar da ƙofar kwance a ƙasa. Madubi gefe, hannu gefe, gilashi an jingine shi da bishiya, Ilu na zaune a tsakiya ya jera notuna a kan hularsa.

"Ilu, ina ƙofar mutane?"

"Ga ta nan, Yaya. Saura guda ɗaya ya ƙi fita, amma na aika a aro mini guduma."

Yini guda Barau ya yi yana mayar da ƙofa.

Wata rana kuma aka zo jan waya daga rediyo zuwa baya. Barau ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ya nuna masa tsohuwar wayar. "Wannan ba sai da tunani ba. Bi tsohuwar. Yadda take, haka za ka yi sabuwar." Ilu ya durƙusa ya bi ta a tsanake, inda ta lanƙwasa ya lanƙwasa, inda ta nutse ya nutsar. A ƙarƙashin kujera ya iske wurin da ɓera ya cinye ta. Ya daɗe yana dubawa. Can Barau ya leƙo ya gan shi da sabuwar waya a baki yana gaigaya.

"Innalillahi! Me kake ci?"

"Na duba da kyau, Yaya. Ba yankan filaya ba ne, haƙori ne. Wuri uku ne, na gama biyu."

Tukur direba, wanda ya zo duba aiki, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Oga Barau, ka riƙa ba mijin ƙanwarka abinci mana."

Wata rana aka zo wuri mai wuya, wato 'yar robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda dole waya ta bi ta cikinta. Barau ya ɗaure bakin wayar a jikin siririn ƙarfe, ya shafa mata sabulu, ya zura har ta leƙo ta ɗaya gefen. Ya rataye naɗin wayar a sanda ya ce, "Kama nan. Ka yi ta ja a hankali har in ce ya isa." Bai rufe baki ba aka kira shi, wata babbar mota ta ƙi tashi a bakin titi. Ilu ya ci gaba da ja. Da hannu ya ƙare sai ya soma ja da baya. Ya wuce mai faci, ya wuce mai shayi, ya ratsa ta tsakiyar masu dara. Wani mai babur ya sha da ƙyar. Sai a bakin famfo Barau ya same shi, ƙarshen wayar ya daɗe da ficewa daga motar yana jan ƙasa, shi kuwa yana nan yana ja da baya a hankali.

"Ya isa!" Barau ya daka tsawa.

"Madalla," in ji Ilu. "Dama na kusa kogi."

Ranar Alhamis Barau bai bar shi ya taɓa komai ba. Shi kaɗai ya ja wayar ƙofofin baya cikin sauri, ya ɗaure sifika, ya mayar da kwali. Aka kunna rediyo, kiɗa ya cika gareji, Tukur na gyaɗa kai. Barau ya riga ya yanke shawara, yana jiran motar ta fita ne ya sallami Ilu. Don dai ya kawar da shi daga gabansa ya ce, "Je ka gwada ƙofar baya yadda fasinja ke yi."

Ilu ya tafi ya aro buhun masara wurin mai awo. Ya shiga baya ya rungume buhun, ya bugo ƙofa da ƙarfi. "Direba, a matsa mana, mun cika!" ya ce wa kujerar da ba kowa. "A rage kiɗan nan, akwai manya." Sannan ya yi fifita da hula, ya jingina da ƙofa, ya murɗa gilashi ƙasa yana kiran mai gyaɗa. Gilashin bai kai ƙasa ba kiɗan ɓangaren ya ɗauke, ƙofa ta wangale, Ilu da buhu suka zube a ƙasa.

Barau ya taso a fusace. "Tashi ka tafi gida! Na gama da kai!"

"Dakata, Oga," in ji Tukur. Ya daina dariya. "Ilu, kai ka buɗe ƙofar?"

"A'a. Fasinja ba ya buɗe ƙofa sai an iso."

Barau ya shiga da kansa, ya ɗaga gilashi, ya rufe ƙofar, sannan ya sake sauke gilashin. Ta sake buɗewa. Ya cire kwalin ya haska ciki. A garin sauri ya bi da wayar ta ƙarƙashin gilashi, ta kuma sarƙe da ƙarfen da ke sakin makulli, in gilashi ya sauko sai ya danne ta, ita kuma ta fizgo ƙarfen. Aka duba ɗaya ƙofar bayan, ita ma haka.

Tukur ya zauna a kan taya. "Gobe a wannan kujerar mata masu goyo za su zauna," ya ce. "Kuma da mun hau titi gilashi suke fara saukewa."

Barau ya durƙusa a gaban ƙofar. Ya warware wayar, ya bi da ita ta gefe, ya ɗaure ta da tef a wurare da yawa. Da ya gama ya juyo, bai dubi Ilu a ido ba.

"Ɗauki buhunka ka sake shiga. Daga yau motar da duk za ta fita daga nan, sai ka zauna a cikinta tukuna."

Da la'asar Ilu ya koma gida, gwiwa a kuje, riga duk ƙasa. Lantana na tankaɗe, ta ɗago a tsorace.

"Malam, ya kore ka?"

"Ya ɗauke ni. Fasinja ne ni yanzu."

"Fasinja zuwa ina?"

"Ba a zuwa ko'ina," in ji Ilu. "Amma ya ce kada in makara."