Shaidar da Bakanikena Ya Bayar

Jama'a, makon jiya na shiga kotun laifukan hanya da lasisina a aljihu, na fito babu shi. Bari in ba ku labarin da bakina kafin maƙwabta su ƙara masa gishiri.

Sana'ata kai ƙwai shaguna. Motata kuwa tsohuwa ce tukuf, 'yan layinmu Hajiya Babba suke ce mata, don sai an lallaɓa ta take tashi. Wai na'urar auna gudun nan, wadda masu girma suka sayo mana da ɗan karen tsada, ta kama motar nan tawa tana zuba kilomita ɗari da goma. A titin da ramukansa suka fi kwaltarsa yawa! Ranar fa ayarin wani ranka-ya-daɗe ya wuce ni da jiniya kamar zai tashi sama. Amma na'urar mai tarbiyya ce, ta sunkuyar da kai har manya suka wuce, tana ɗagowa sai ta yi arba da ni.

Matata ta ce, "Maigida, ka biya tarar nan ka huta." Na ce Allah ya sawwaƙe. Wanda ya ɗauko mota cike da ƙwai ai ko tari a hankali yake yi. An gargaɗe ni cewa in na ja kuma na faɗi, za a riƙe lasisina wata uku, masu shaguna kuwa ba jira suke ba. Na yi kunnen ƙashi, don ina da mai shaida: bakanikena, wanda ya yi wa motar aikin inji watan jiya.

Kotun cike take da direbobi, ana ta fifita da takardun tara saboda fankar ta mutu. Alƙali ya dubi bakaniken ya ce, "Malam, motar nan za ta iya gudun ɗari da goma?"

Mutumin ya waiga ya ƙare wa direbobin nan kallo, ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, injin da ya fito daga hannuna? Wallahi in aka sake mata, ɗari da arba'in ma wasa ne."

Na ƙifta masa ido har sai da idona ya kawo ruwa. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mai keke ma wuce ni yake yi!"

"Wannan kuma ƙafar direba ce, ba inji ba," in ji bakanike.

Kotu ta ɗauki dariya. Alƙali ya ce tunda ni na kawo mai shaidar, shi bai ga abin ƙari ba.

A waje na cafke shi. Ya ce, "Haba yallaɓai! Gaban direbobi cike da ɗaki kake so in ce aikina ba ya gudu? Ni ma fa ina da iyali." Ban rufe baki ba mutane suka kewaye shi suna tambayar inda garejinsa yake, har da jami'in da ya yanka mini tarar.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu ƙanen matata ke tuƙi, ni ina gefe ina salati a bakin kowane rami, shaguna biyu kuma sun riga sun koma wajen wani. Da safen nan wani maƙwabcina ya zo yana taya motar, wai ya ji kotu ta tabbatar tana gudu. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Tun ina saurayi nake jiran hukuma ta yabi wani abu nawa, yanzu da ta yaba ai sai in ɗan more.