Rasuwar Zakiyya1, Kalmar Sirrin Barista Abdussalam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ofishin Barista Abdussalam Dogo da ke bakin titin Gezawa yana sanar da 'yan'uwa, lauyoyi, da duk wanda shari'ar gonarsa ke hannun Barista, rasuwar kalmar sirrinsa, Zakiyya1. Ta cika ranar Laraba da hantsi, yana tsaka da shan koko.

Kada kowa ya ɗora hannu a ka. Zakiyya ta ainihi, 'yar Barista ta fari, tana nan lafiya lau, jiya ma ita ta kai niƙa. Takwararta ce ta tafi.

Sanin kowa ne ba a kama sunan ɗan fari. Barista, mutumin da ke tsayawa gaban alƙali ya yi ta zuba har sai an ce ya isa, bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunan yarinyar nan ba. "Ke" yake ce mata, in ba ta kusa ya ce "wance". To, ranar da aka gaya masa kalmar sirri ita ce abin da mutum ba ya furtawa, sai ya ga ai magana ta ƙare. Ya liƙa mata lamba ɗaya a baya don tsaro. Duk duniya nan kaɗai yake kiran 'yarsa. Kullum safe zai zauna, ya waiga dama da hagu, yatsu su yi ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta ta amsa masa da "tilin". Wannan amsar yake jira kafin ya karya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ita ke gadin imel, ita ke gadin waya, ita ke kwana a ƙofar takardun shari'a, ba ta taɓa neman hutu ba. An shigar da ita kwamfutocin haya a birni an taho an bar ta a buɗe. An hau da ita intanet ɗin kyauta wanda ba a san mai shi ba. Ko tari ba ta yi ba. Abokin aikinsa, Barista Hashimu, ya sha ce masa ya ƙara mata tsawo, ya yi wa kowace ƙofa makullinta, ya kunna lambar nan da ake turowa waya kafin a shiga. Barista Abdussalam ya ce shi ba ya canza 'ya.

Ciwon ajali saƙo ne ya kawo shi. Wai daga kotu, wai an matso da zaman shari'ar gonar Inna Hure, a latsa nan maza-maza. Tambari ras, Turanci ras. Da ya dubi adireshin mai aikowa, da ya ga an sauya harafi guda. Bai duba ba. Ya latsa, shafi ya buɗe, aka nemi kalmar sirri. Sunan da bai taɓa faɗa a gaban mahaifiyarsa ba, shi ya miƙa wa baƙon da ko sallama bai yi ba. Kafin kokon ya huce an kulle shi a waje, kowace ƙofa, tunda makulli ɗaya ne. Ya rubuta sunan 'yarsa, kwamfuta ta yi "ɗit", ta ce ba daidai ba ne. Wallahi ko faɗuwa shari'a ba ta taɓa yi masa ciwo haka ba.

Ta rasu ta bar kwamfuta mai fama da zafin jiki, da firinta mai cin takarda, da Inna Hure, wadda yanzu wani ƙato a wata ƙasa ke karanta iyakokin gonarta, alhali bai san gero daga dawa ba. Wurin zaman makoki kuma aka gano kowa ya san marigayiya. Sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagon uwargida Maijidda, wadda duk gari Maman Zakiyya yake ce mata. Mai shayi ya sani. Lauyan ɗaya ɓangaren ma ya ce ya daɗe da cankowa, kunya ce ta hana shi shiga.

Za a binne ta ranar Asabar a ofis, ƙofa bayan ƙofa, gwargwadon abin da aka iya ƙwatowa. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu; duk saƙon da ya ce a latsa nan, ba za a latsa ba, ko daga surukai ne. Waɗanda za su gaje ta dogaye ne, munana, cike da alamomi, ba su haɗa jini da kowa ba, kuma kada a tambayi sunansu.

Bayan jama'a sun watse, a tsakar gida, Barista zai kira 'yarsa da baki, tunda babu sauran inda zai rubuta. Ana roƙon Zakiyya, in ta ji, ta daure ta amsa. Babanta ne, ba 'yan damfara ba.